Jonathan Kuminga da Golden State: an sa hannu, amma tsugune ba ta ƙare ba

Bayan wata uku ana kai ruwa rana, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Golden State Warriors da matashin ɗan wasanta Jonathan Kuminga, ɗan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, sun daidaita ranar Talata 30 ga Satumba 2025. Kwantiragin na shekara biyu ne, kuma kafafen labaran Amurka sun ce kuɗinsa ya kai dalar Amurka miliyan 48 da rabi, wato wajen miliyar 27 na sefa. Sai dai duk wanda ya duba sharuɗɗan zai ga cewa ƙungiyar ba ta amsa tambayar da ta daɗe tana yi wa kanta ba: a riƙe yaron a gina shi, ko a yi musayarsa tun darajarsa ba ta zube ba?

Wasannin da Warriors ke yi a gidanta, birnin San Francisco, suna faɗowa ne da ƙarfe uku ko huɗu na asuba agogon Nijar. Saboda haka yawancin matasan da ke bin gasar NBA a Maraɗi, Cadawa, Agye ko Gazawa ba sa ganin wasa tun daga farko har ƙarshe. Gutsattsarin bidiyo suke gani a waya da safe. A cikin waɗannan gutsattsari Kuminga gwani ne: ya tashi sama, ya danna ƙwallo cikin kwando a kan mutum biyu. Wanda ya ga haka kaɗai dole ya yi mamakin abin da ya sa mai horaswa Steve Kerr ya riƙa ajiye shi a benci. Dalilin yana cikin mintunan da ba a yankowa a sa a Facebook.

Kasuwar da ba a biyan kuɗin ɗan wasa

Mai bin ƙwallon ƙafa ya saba jin cewa ƙungiya ta sayar da ɗan wasa ta karɓi miliyoyi. A NBA ba haka tsarin yake ba. Ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa, ko a karɓi damar zaɓar sabbin matasa a shekaru masu zuwa, kuma dole albashin waɗanda aka yi musayarsu ya yi kusan daidai. Akwai kuma iyakar albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya. Wadda ta wuce ta sai ta biya haraji mai nauyi, sannan yarjejeniyar da aka ƙulla tsakanin gasar da ƙungiyar ƴan wasa a 2023 ta ƙara wasu takunkumai a kan masu kashe kuɗi da yawa, har da hana su wasu nau'o'in musaya.

Matashin da aka zaɓa a zagayen farko yana samun kwantiragin shekara huɗu. Idan ya ƙare ba a sabunta ba, yana da ƴancin neman wata ƙungiya, amma ƴancin mai igiya ne: duk tayin da ya samu a waje, tsohuwar ƙungiyarsa na da ikon biyan daidai wannan kuɗi ta riƙe shi. A wannan matsayi Kuminga ya tsinci kansa tun ƙarshen watan Yuni. Ya kuma zo a mummunan lokaci, domin a 2025 ƙungiya ɗaya ce, Brooklyn, ke da sararin biyan babban albashi, ita kuwa ba ta neme shi ba.

Makami ɗaya ya rage masa. Doka ta ba shi damar karɓar kwantiragin shekara ɗaya na dalar Amurka miliyan 7.9, wanda zai ba shi ikon hana a yi musayarsa, kuma a 2026 ya tafi inda ya ga dama ba tare da Warriors ta samu ko sisi ba. Wa'adin karɓar wannan tayi shi ne 1 ga Oktoba. Wakilinsa, Aaron Turner, ya sha faɗa a fili cewa a shirye suke su bi wannan hanya. Saura kwana ɗaya wa'adin ya cika aka daidaita.

Abin da aka sa wa hannu ya fi karkata ga ƙungiyar. An bar shekara ta biyu a hannunta: in ta so ta ci gaba, in ta so ta soke. Kuminga ya kuma sarayar da ikonsa na hana musaya, kuma daga 15 ga Janairu 2026 ƙungiyar ta samu damar tura shi ko'ina. Albashinsa na kakar 2025-2026, kimanin dalar Amurka miliyan 22 da rabi, ya kai a ɗora shi a sikeli a karɓo gogaggen ɗan wasa. Shi ya sa masu sharhi da yawa suka ɗauki kwantiragin a matsayin shirin rabuwa.

Abin da yake da shi da abin da ya rasa

An haifi Kuminga a Goma ranar 6 ga Oktoba 2002. Ya tafi Amurka yana yaro ɗan makaranta, ya yi shekara ɗaya a ƙungiyar horas da matasa ta Ignite, sannan Warriors ta zaɓe shi na bakwai a 2021. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta ɗauki kambu bayan ta doke Boston a watan Yunin 2022. Tsawonsa ya kai mita biyu, yana da ƙarfi, yana da tsalle, kuma idan ya nufi kwando da gudu ba kowa ke iya tare shi ba. A kakar 2023-2024 yana cin maki 16 a kowane wasa. A ƙarshen Disamban 2024 ya ci maki 34 a wasa biyu a jere.

Rauninsa kuma a bayyane yake. Na farko jifan nesa, mai maki uku. A kakar 2024-2025 kashi 30 cikin ɗari kawai ya shigar, alhali matsakaicin gasar kashi 36 ne. Tazarar ƙarama ce a takarda, amma a fili tana nufin mai tsaronsa zai iya ja da baya ya bar shi, ya je ya taya wani tsare Stephen Curry. Na biyu miƙa ƙwallo. Salon Kerr ya dogara ne a kan ƙwallo ta riƙa yawo hannu zuwa hannu da sauri, ƴan wasa suna zagayawa har Curry ya kuɓuce. Kuminga ya fi son ya riƙe ta, ya auna mai tsaronsa, ya kutsa shi kaɗai, kuma ƙwallon da yake miƙawa a ci ba ta wuce biyu da ɗoriya a wasa. Na uku tsaro. Idan aka ba shi mutum ɗaya ya tsare yana iyawa, amma idan ƙwallo ba ta wajen mutumin nasa hankalinsa kan tafi, a zagaye shi ta baya. Ga kuma ƙorafin da masu horaswa suka daɗe suna yi cewa mai tsalle irin nasa ya kamata ya fi haka cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando.

Shi ma yana da tasa hujjar. Cikin shekara huɗu bai taɓa samun matsayi tabbatacce ba: yau a fara wasa da shi, gobe ya shigo daga benci, jibi ko tashi ba zai yi ba. A watan Janairun 2024, bayan wani wasa da Denver da aka bar shi zaune a mintuna 18 na ƙarshe, jaridun Amurka sun ruwaito cewa ya yanke ƙauna Kerr zai taɓa ba shi dama. Matashin da ya san kuskure ɗaya zai mai da shi benci yakan yi wasa da fargaba, ko kuma ya yi ta neman cin maki don a gan shi. Duk biyun an gani a wasan Kuminga.

Kakar 2024-2025 ce ta fito da matsalar fili. Ya gurɗe a idon sawu a farkon Janairun 2025, wasa 31 suka wuce shi. Kafin ya dawo ƙungiyar ta ɗauko Jimmy Butler daga Miami, kuma abin ya karɓe ta: wasa 23 ta ci cikin 31 na ƙarshe. Butler da Draymond Green duk ba gwanayen jifan nesa ba ne, kuma Kerr ya faɗa a fili cewa haɗa su da Kuminga a lokaci guda ba ya tafiya daidai. A wasan ƙarshe na kaka da wanda ya biyo baya da Memphis, ko minti ɗaya bai buga ba. Sai Curry ya ji rauni a wasan farko da Minnesota a watan Mayu, dole ta sa aka koma ga Kuminga. A wasa huɗu da suka rage ya ci maki 18, 30, 23 da 26. Masu goyon bayansa na kafa hujja da waɗannan alƙaluma. Masu sukarsa kuma na tunatarwa cewa duka huɗun Warriors ta sha kashi.

Lokacin Curry da lokacin Kuminga

Babbar matsalar ta shekaru ce. A Oktoban 2025 Curry yana da 37, Butler 36, Green 35, Al Horford da aka ƙaro a lokacin yana da 39. A lokacin, wa'adin kwantiragin Curry da na Butler 2027 ne, na Kerr kuma ƙarshen kakar 2025-2026. Ƙungiya mai irin waɗannan dattawa ba ta da shekara uku da za ta jira matashi ya gyara jifansa. Kakar 2025-2026 take nema, ko ta bayanta. Kuminga kuwa a Oktoban 2025 ya cika 23, kuma abin da yake buƙata shi ne ƙungiyar da za ta ba shi minti talatin kowane dare, ya yi kuskure, a yi haƙuri da shi.

Ya kuma ga abin da tsararrakinsa suka samu. Franz Wagner, wanda Orlando ta zaɓa na takwas, wato bayan shi kai tsaye, ya sa hannu a 2024 kan kwantiragin shekara biyar na sama da dalar Amurka miliyan 220. Josh Giddey, na shida, ya samu miliyan 100 na shekara huɗu a Chicago a watan Satumban 2025. Waɗannan an damƙa musu ƙwallo tun suna sababbi. Kuminga na ganin da shi ma ya faɗa ƙungiya mai ginawa daga tushe, da yanzu yana sahunsu.

Shugabannin Warriors sun daɗe suna cewa za su iya tafiyar da abu biyu tare: neman kambu da tsofaffi, da rainon matasan da za su gaje su. Mai ƙungiyar, Joe Lacob, an san yana cikin waɗanda suka fi ƙaunar Kuminga tun ranar da aka zaɓe shi. Mai horaswa kuma nasarar daren yau ake tambayarsa. Tsakanin ra'ayin mai gida da bukatar mai horaswa aka yi shekara huɗu ana yi wa yaron riƙon sakainar kashi.

Waɗanda suka yi nadamar saki, da waɗanda suka yi nadamar riƙewa

Masu cewa a riƙe shi suna da misalai masu ƙarfi. A Oktoban 2012 Oklahoma City ta ƙi cika wa James Harden ƴan miliyoyin da suka raba su, ta tura shi Houston yana ɗan shekara 23. A 2018 aka zaɓe shi gwarzon gasar, ita kuwa Oklahoma ba ta sake kai wa wasan ƙarshe ba sai 2025. Curry kansa misali ne. A kakar 2011-2012 wasa 26 kawai ya buga saboda ciwon idon sawu, mutane da yawa suna ganin jikinsa ba zai ɗauki gasar ba. Warriors ta saki Monta Ellis ta riƙe shi, ta ba shi miliyan 44 na shekara huɗu, kuma arhar wannan kwantiragi na cikin abin da ya ba ta sararin ɗauko Kevin Durant a 2016. Akwai kuma Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda Toronto ta zaɓa na 27 a 2016 lokacin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ke jagorantar ƙungiyar. Maki huɗu yake ci a kakarsa ta farko. A ta uku ya kusan kai 17, aka ba shi kyautar wanda ya fi kowa ci gaba, ƙungiyar ta ɗauki kambun 2019.

Masu cewa a sake shi kuwa ba sai sun je nesa ba, a cikin gidan misalansu suke. James Wiseman, wanda Warriors ta zaɓa na biyu a 2020, an yi ta jiransa har darajarsa ta zube. Da aka rabu da shi a Fabrairun 2023, abin da ƙungiyar ta samu shi ne dawowar Gary Payton II, ɗan wasan da ita da kanta ta bari ya tafi kyauta ƴan watanni kafin nan. Jordan Poole kuma an ba shi sama da miliyan 120 a Oktoban 2022, kafin shekara ta zagayo aka tura shi Washington, har da ƙarin damar zaɓe a kai, aka karɓi Chris Paul mai shekara 38, wanda kaka ɗaya ya yi ya tafi. A Phoenix ma an yi irin haka da Deandre Ayton: an biya miliyan 133 a 2022 don kada Indiana ta ɗauke shi, ba tare da an gyara tsakaninsa da ƙungiyar ba, bayan wata goma sha huɗu aka tura shi Portland.

Idan aka jera waɗannan misalai, abu ɗaya ke raba su. Curry da Siakam an riƙe su kuma an ba su fili. Raunin Curry na jiki ne, likitoci da masu horas da jiki suka yi aikinsu. Raunin Siakam na ƙarancin gogewa ne, wasa ya gyara shi. Wiseman da Ayton an riƙe su ne don tsoron kada a yi asara, alhali mai horaswa bai gamsu da su ba. Halin Kuminga ya fi kama da na biyun. Jifan nesa ana iya koyonsa, amma rashin jituwar salonsa da salon da ƙungiyar ta gina a kan Curry ba zai gushe ba muddin Curry na wasa kuma Kerr na kan benci.

Lissafin mai turke

Duk wanda ya taɓa turke rago a Cadawa ko Gidan Rumji ya san wannan lissafi. Rago a turke kullum ci yake, dusa da harawa da kowa duk kuɗi ne. Idan yana ƙiba, haƙuri riba ne, a jira kasuwar layya. Idan kuwa mai shi ba ya iya ciyar da shi yadda ya kamata, kowane mako da ya ƙara a gida faɗuwa yake, kuma dillalai na gani. Ɗan wasa ba dabba ba ne, yana da bakin magana da wakili da ƴancinsa, amma ta fuskar ƙungiya darajarsa haka take tafiya: mintunan wasa su ne abincinsa. Tayin da aka ruwaito Warriors ta samu a 2025 ya nuna haka. Sacramento ta miƙa Malik Monk da damar zaɓe ɗaya mai sharaɗi, Phoenix kuma ta miƙa ƴan wasan taimako da damar zaɓe a zagaye na biyu. Ƙungiyar ta ga tayin ya yi kaɗan ta ƙi. Amma masu tayin sun ga yadda aka ajiye shi a benci a wasannin da suka fi muhimmanci, ba za su biya kuɗin tauraro ba.

Masu son ƙwallon ƙafa a Nijar sun ga irin wannan a kan Moussa Maazou. Daga ASFAN ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, ya yi ta zura ƙwallo, ƙungiyar ta sayar da shi ga CSKA ta Mosko a 2009 lokacin da kasuwarsa ke kan ganiya. CSKA ba ta ba shi gurbi tabbatacce ba, ba ta kuma sake shi da wuri ba, sai aro: Monaco, Bordeaux, da wasu bayansu. Baiwarsa ba ta ɓace ba, shi ne ya ci Masar a Yamai a Oktoban 2010 a kan hanyar da ta kai Mena gasar cin kofin Afirka ta 2012. Amma shekarun da ya kamata ya kafu a wuri ɗaya sun tafi a yawo. Lokeren da ta yanke shawara da wuri ta ci riba, wadda ta tsaya kwan gaba kwan baya ba ta amfana da shi yadda ta yi fata ba.

Kafin 5 ga Fabrairu

An buɗe kaka ranar 21 ga Oktoba 2025, Warriors ta je gidan Lakers. Kasuwar musaya kuma an rufe ta ranar 5 ga Fabrairu 2026. Tsakanin 15 ga Janairu da wannan rana, mako uku ne kacal shugaban sashen wasanni Mike Dunleavy ya samu.

Hujjar riƙe Kuminga har bayan wannan wa'adi ɗaya ce mai nauyi: idan Curry da Butler suka tafi a 2027, shi ne matashin da a lokacin ya fi kowa a ƙungiyar iya samar wa kansa maki. Sai dai wannan hujja na buƙatar shi ma ya so zama, kuma abin da ya faru a watanni ukun da suka gabaci sa hannun bai nuna haka ba. Ɗan wasan da ya yi shirin barin miliyan goma sha huɗu a shekara ɗaya don ya samu ƴancin tafiya, da wuya shekara ta biyu da ke hannun ƙungiya ta sauya masa zuciya.

A Oktoban 2025, abin da lissafi ya fi nunawa shi ne musaya, kuma hanyar samun musaya mai kyau ita ce a ba shi wasa. Idan Kerr ya ba shi minti ashirin da biyar zuwa talatin kowane dare daga Oktoba zuwa Janairu, ɗayan biyu zai faru. Ko dai ya nuna cewa zai iya tsaro, ya cafke ƙwallo, ya miƙa ta da wuri a gefen Butler da Green, ƙungiyar ta samu dalilin sake zama da shi a kan dogon kwantiragi. Ko kuma ya ci makinsa, darajarsa ta tashi, a karɓo mai jifan nesa da ya dace da Curry. Wahalar ita ce Kerr na neman nasara a yankin yamma mai cike da ƙungiyoyi masu ƙarfi, kuma idan aka sha kashi uku a jere, matashin da ke kuskure shi ake fara cirewa. Idan aka sake komawa ga wannan hali a watan Disamba, tayin da za a samu a Fabrairu zai yi ƙasa da wanda aka ƙi a watan Yuli.